Buɗe Ido a Tsibirin Fanya

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, suna kuma cewa gani ya kori ji. Daga irin wannan tunani ne aka sami kalmar nan ta yawon buɗe ido, watau tafiyar da mutum kan yi domin kallo kurum, babu fatauci a ciki, babu neman magani, babu biki. Amma fa akwai tambayar da ba a cika yi ba, ita ce: shin duk wanda ya taka wuri ya gan shi? Labarin wani dattijo Bakano da jikansa, waɗanda suka yi kwana 7 a tsibirin Biyoko cikin watan Janairu na 2024, ya isa ya sa mai karatu ya sake auna wannan magana.

Shi dai Biyoko tsibiri ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, yana cikin teku kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, kudu da Kalaba. Tsawonsa wajen kilomita 70 ne, faɗinsa kuwa wajen 30. Asalinsa duwatsu 3 ne masu aman wuta, waɗanda suka yi ta amayar da narkakken dutse har gindinsu ya haɗu ya zama ƙasa guda. Yana cikin wani jerin duwatsu irinsa da ya faro daga tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsife, ya bi ta Dutsen Kamaru ya shiga cikin nahiya, har masana suna lissafa tsaunukan Biu cikin rassansa. Mutanen ƙasar na asali su ne Bubi. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal mai suna Farnando Fo ya iso wurin wajen 1472, ya sa masa suna Formosa, watau kyakkyawa, daga baya kuma sunan matuƙin ya bi tsibirin. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifen, ya zauna a hannunta har ƙasar ta sami mulkin kai ran 12 ga Oktoba, 1968. Leburorin Nijeriya kuwa Panya suke ce masa, daga sunan Sifen a bakin masu ita. Shi tsohon nan, da bakinsa na Bahaushe, Fanya yake cewa.

Yana ɗan shekara 18 ya sauka a can, a 1964, yana yaron wani ɗan koli, ya iske Hausawa sun riga sun kafa zango a garin Santa Isabel, wanda aka sake wa suna Malabo a 1973. Ya yi shekara 12 yana ɗaukar akwatin koli yana bin gandayen koko, yana sayar wa leburori allura da zare da madubi da turare. A can ya yi aure, a can aka haifa masa ɗan fari, a can kuma zazzaɓi ya ɗauke yaron yana da shekara 2, a lokacin da mulkin Masiyas Ngema ya tsananta, magani ya yi wuya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kwashe dubban 'yan Nijeriya daga tsibirin a ƙarshen 1975 da farkon 1976, shi da matarsa suka shiga jirgin ruwa da ƙunshin tufafi guda. Tun daga ranar bai sake komawa ba. Da matar ta kwanta ciwon ajali, wasiyyarta ɗaya ce: in Allah ya hore, a je a yi wa yaron nan addu'a a kan kabarinsa. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗin jirgi, aka kuma haɗa shi da jikansa, ɗalibin labarin ƙasa a jami'a, domin ya riƙe masa jaka ya kula da takardu.

Tun a gida aka ga alamar cewa tafiya ɗaya ce amma niyya biyu. Saurayin ya cika littafi da sunayen wuraren kallo: ƙolin dutse, tafkin bisa tsauni, matsirgar ruwa, gaɓar da kififiyar teku ke ƙwai. Tsohon ya duba littafin ya ce, "Aboki, ni makabarta za ni. Sauran duk daji ne, na san shi."

"Tsoho, ai ba ka taɓa hawa dutsen ba."

"In hau in sayar wa wa da allura? Birai?"

Suka bi ta Duwala. Kafin ma'aikatan jirgi su gama raba ruwan sha, sai ga tsibirin ya bayyana, kore shar, dutsen ya tokare sama. Garin Malabo na zaune a bakin wani tsohon ramin aman wuta da teku ta cinye gefensa guda, shi ya sa tasharsa take zagaye kamar ƙwarya, ruwanta da zurfi, gari kuwa yana bisa gaɓa yana leƙen jirage. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1827 da sunan Kilarens, domin ya zama sansanin jiragen da ke tare masu safarar bayi. Ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan gari, domin a nan ne Richard Lander, wanda ya binne maigidansa Kilafaton kusa da Sakkwato a 1827, ya rasu a 1834. Nan ne kuma ayarin binciken Kwara na 1841 ya dawo jinya bayan zazzaɓi ya karya shi, a cikinsa har da J. F. Schön, wanda ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843. Saurayin ya karanta wa kakansa duk wannan. Tsohon ya ce Allah Sarki, ya ci gaba da leƙe ta tagar mota yana neman wani kanti da babu shi yanzu.

Haƙiƙa garin da ya bari ba shi ne ya tarar ba. Tun da aka fara haƙar man fetur sosai a shekarun 1990, sai manyan tituna da dogayen benaye suka mamaye inda ya sani da ayaba da ciyawa. Abin da ya gane kawai shi ne babbar majami'ar Santa Isabel mai hasumiya 2, wadda aka gama a 1916, gobara kuma ta taɓa ta a 2020, sai kuma itatuwan rimi, waɗanda har a tambarin ƙasar akwai hoton ɗayansu. Washegari suka sallaci asuba a masallaci, suka gaisa da Hausawan gari, mafi yawansu mutanen Kamaru da Nijar da Nijeriya da suka zo daga baya. Aka haɗa su da wani dattijo haifaffen garin, ya kai su inda ake binne Musulmi a da. Tsohon ya ce yana tune da wani mangwaro, daga gindinsa taki 10 wajen gabas. Suka yini suna zagaye. Mangwaro ya fi 5 a wurin, ƙasa ta baje, ciyawa ta kai ƙugu. A ƙasar da ruwa ke zuba wata 8 ko fiye a shekara, tudun kabarin yaro ba ya jimre damina 3, balle shekara 50. Da la'asar ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga dukkan waɗanda ke kwance a wurin, ya shafa, ya juya. A masauki bai ci abinci ba. Ya ce a mai da shi gida gobe, aikin da ya kawo shi ya gagara.

Tikiti kuwa na mako guda ne, sauya shi sai da kuɗin da ba su da shi. Nan fa wasan jika da kaka ya yi rana. Saurayin ya ce, "To, Tsoho, zauna ka yi gadin ɗaki. In mun koma zan gaya wa jama'a ka yi shekara 12 a gindin dutse kana tsoronsa." Tsohon ya harare shi, ya ce a kawo masa sandarsa da bargonsa.

Dutsen Basile shi ne mafi tsawo a ƙasar, mita 3,011 daga doron teku, watau ya zarce Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, da kusan mita 600. Aman wutarsa na ƙarshe da aka rubuta a 1923 ne. Akwai hanyar mota da ke murɗawa har sama, amma sai da takardar izini, domin a ƙolin akwai turakun rediyo da talabijin da masu gadinsu. Abin mamaki a hawan shi ne yadda ƙasa ke sauya tufafi. A gindi ayaba ce da kwakwar manja da koko, ga zufa kamar an rufe mutum a tukunya. Can gaba sai kurmi mai duhu, itatuwa sun haɗe kai, kuraye na igiya sun sarƙe. Sama da nan sai itatuwa su gajarce, gansakuka ta lulluɓe rassansu tana ɗigar ruwa, gajimare na ratsa hanya kamar garken tumaki. Daga ƙarshe sai itace ya ƙare, a fito fili mai ciyawa da 'yan sabarori, iska na kaɗawa, sanyi na shiga ƙashi. Cikin sa'a guda da 'yan kai mutum ya tashi daga zafin bazara ya faɗa hunturun Jos, ko ma fiye.

Suka fito daga mota. A ƙasa wani farin hazo ya rufe teku, saurayin ya ce wannan ƙurar hunturu ce, irin wadda ke turnuƙe Kano, iska ta kwaso ta daga Sahara ta kawo ta har nan. Can arewa maso gabas, bisa hazon, sai ga kan Dutsen Kamaru, mai tsawon mita 4,000 da ɗoriya, yana tsaye shi kaɗai kamar ba a ƙasa gindinsa yake ba. Ya ƙara da cewa masana sun ce shekara wajen 10,000 da suka wuce ana iya takawa da ƙafa daga nan zuwa can, kafin teku ta cika ta raba su. Tsohon ya ƙudundune cikin bargo, ya daɗe bai ce uffan ba. Sa'an nan ya nuna wani ɗigo a bakin ruwa ya ce, "Wancan ne garin?" Aka ce shi ne. Ya ce, "Duka-duka?" Ya girgiza kai. "Shekara 12, kullum dutsen nan yana bisa kaina. Abin da nake dubawa a jikinsa ɗaya ne, ko hadari ya taso, in rufe kayana. Wallahi ban taɓa sanin abin kallo ba ne."

Wannan magana ta tsohon tana da nauyi. Ido ba ya buɗewa ga kyan wuri sai ciki ya kwanta, wuya ya huta da kaya, zuciya ta huta da tsoro. Mai akwati a ka ƙasa yake kallo, kada ya yi tuntuɓe. Saboda haka yawon buɗe ido wata ni'ima ce da ba kowane matafiyi ke samu ba, ko da ya fi kowa yawan taki.

Amma kashegari sai ƙwarya ta juya, jika ya koma ɗalibi. Suka kama hanyar Luba, tashar ruwa ta biyu a tsibirin, wadda ake kira San Karlos a da, kimanin kilomita 50 kudu maso yamma. Saurayin na ta ɗaukar hoton kurmin da ke gefen hanya yana yaba yadda Allah ya bar shi ba a taɓa ba. Tsohon ya ce a tsaya. Ya dogara sandarsa ya shiga 'yan taki, ya ɗaga wani reshe, sai ga 'ya'yan koko sun bushe sun yi baƙi a jikin kututture. Ya ce, "Duba da kyau. Ka ga sun yi layi? Daji ba ya yin layi." Ashe abin da ya ɗauka kurmin asali ne tsohon gandu ne da aka watsar, inuwar manyan itatuwa ta haɗiye shi. Can ciki ga kangon rumfar busar da koko, rufin ya zube, saiwa ta tsaga bango.

A nan tsohon ya zauna bisa wani dutse ya buɗe bakin da ya daɗe a rufe. Toka da narkakken dutse da suka ruɓe su ne suka ba tsibirin baƙar ƙasa mai albarka, wadda ta sa kokonsa ya yi suna a duniya, har ana cewa daga nan Tetteh Quarshie ya ɗauki irin da ya kai Gana. Kafin mulkin kai ana samun fiye da tan 30,000 a shekara. Amma ƙasa ba ta noma kanta. A 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar leburori daga Nijeriya, galibinsu Ibo da Ibibiyo da Efik, ana loda su a jirgi daga Kalaba, ana kuma riƙe wani kaso na ladansu sai sun gama wa'adi sun koma gida. Ya ba shi labarin ƙararrawar asuba, da layin mutane da adduna cikin ruwan sama, da gyambon da ba ya warkewa, da bulalar wasu masu gandu, da yadda ran biya kowa kan sayi ɗan madubi ko kwalbar turare ya ɓoye domin matar da ya baro. Ya ce akwai waɗanda suka ci bashinsa suka mutu ba su biya ba, ya yafe musu tun tuni. Da leburorin suka tafi a 1976, sai noman ya durƙushe, bai sake komawa yadda yake ba. Saurayin ya mai da na'urar hotonsa cikin jaka. Da suka isa Arena Bilanka, gaɓar da ta yi suna saboda farin yashinta a tsibirin da yawancin yashinsa baƙi ne, ga malam-buɗe-littafi na ta shawagi a bakin kurmi, sai ya ga wurin ya yi kyau ƙwarai, amma kyan ya zo masa da wani nauyi da bai zo da shi jiya ba.

Suka kwana a Moka, wani gari bisa tudu mai sanyi, mazaunin sarkin Bubi mai wannan suna a ƙarni na 19, inda ake noman kayan lambu, shanu na kiwo cikin raɓa. Tsohon ya zauna jin ɗumi, saurayin kuwa ya bi ɗan jagora ya hau zuwa tafkin Biyawo, wanda ke kwance cikin bakin wani mataccen dutsen wuta, shiru kamar ruwan randa. Ya kuma leƙa matsirgar Iladiyi, inda ruwa ke faɗowa daga bisa gaɓa zuwa cikin kwazazzabo mai zurfi. Ɗan jagoran ya gaya masa cewa a kurmin kudu akwai birai da suka yi ƙaranci a duniya, cikinsu har da wani mai baƙar fuska, ɗan'uwan bika, kuma mafarauta masu kai nama kasuwa sun tasam ma ƙarar da su, duk da dokar da ta hana.

Zangon ƙarshe shi ne Ureka, wani ƙauye a ƙuryar kudu, ɗaya daga wuraren da suka fi ruwan sama a duniya. A shekara yana samun fiye da milimita 10,000, watau kusan abin da Kano ke samu a shekara 10. Dalili kuwa shi ne iskar teku mai ɗauke da laima tana cin karo da tsaunukan kudu, ta hau, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a nan. A da sai da ƙafa ko kwalekwale ake zuwa, amma yanzu an yi hanyar mota. A nan rafuka ke faɗowa daga kan duwatsu kusan a bisa baƙin yashin gaɓa. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kififiyar teku iri 4 ke fitowa ƙwai a waɗannan gaɓoɓi, mutanen ƙauyen kuma suna cikin masu gadinsu da ƙidayarsu.

Bayan lisha ɗan jagora ya ja su zuwa bakin ruwa, ya hana kunna farar fitila, sai wata 'yar ja da ke hannunsa. Tsohon na tafe a hankali, hannunsa a kafaɗar jikansa. Suka jira har dare ya raba. Can sai wani baƙin abu ya fito daga cikin kumfa, girmansa ya kai a shimfiɗa tabarma a bayansa. Ita ce babbar cikinsu, mai baya kamar jemammiyar fata, wadda nauyinta kan kai kilo 300 zuwa 500. Ta ja jiki da ƙyar tana nishi, ta share wuri, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 80, farare kamar ƙwallo. Duk wannan lokaci wani ruwa mai kauri na zuba daga idanunta. Sa'an nan ta mai da yashi, ta daddanna, ta watsa wani a kai har wurin ya ɓace, ta juya ta nufi teku ba ta waiwayo ba.

Tsohon ya tambaya cikin raɗa, "Za ta dawo ta duba su?" Aka ce a'a, bayan wata 2 za su ƙyanƙyashe su nemi ruwa da kansu. Ya ce, "Ko ta dawo ma ba za ta gane wurin ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ta binne, ta yi kukanta, ta bar wa Mai shi." Saurayin ya san cewa ruwan idon nan gishiri ne da jikinta ke fitarwa, ya karanta haka a littafi, har ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji hannun da ke kafaɗarsa yana rawa. Ya haɗiye maganarsa. A daren nan tsohon ya ci abinci, ya kuma yi barci har sai da aka tashe shi salla.

Da jirgi ya tashi da su ran kwana na 7, tsohon ne ya nemi kujerar taga. Ya bi dutsen da kallo har gajimare ya rufe shi, ya ce, "Aboki, ashe wuri mai kyau muka bar yaron nan." Bai sami kabarin ba, kuma har yau yakan ce bai cika wasiyya yadda aka so ba. Amma in baƙi sun zo gaisuwa, yakan sa a ɗauko hotuna ya nuna musu ƙolin Basile da kansa. Jikan kuwa, duk lokacin da abokansa suka yaba koren kurmin da ke cikin hoton, sai ya ce su matso su duba da kyau, itatuwan a layi suke.

Abin lura a nan shi ne, kowannensu ya je tsibirin da rabin gani. Ɗaya ya san gumin ƙasar bai san kyanta ba, ɗaya ya san kyanta a littafi bai san gumin da ke ƙarƙashi ba. Saboda haka duk wanda Allah ya hore wa zuwa kallon dutse ko tafki ko gaɓar teku, a Biyoko ne ko a wani wuri, ya kyautu ya nemi wani tsoho da ya taɓa ɗaukar kaya a wurin su tafi tare. In bai samu ba, to, ya tambayi mutanen ƙasar wa ya share hanyar da yake bi, wa kuma ke kwance a gefenta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.